Ostoja Ya Koyi Miƙa Hannu

Pirot, 21 ga Disamba

Zuwa ga 'yata Ljubinka,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya a Linz, Allah ya ƙara muku lafiya. Mu ma muna nan. Tun ranar da kika tafi neman aiki kika bar mana ɗanki Ostoja, umarni kawai kike aiko mini ta waya. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da 'ya'yan mutane, amma wai sai an karanto mini yadda ake tarbiyyar yaro mai lalurar nan ta haihuwa da ake kira Down. Ban yi musu ba, na bi.

Kin san Milunka mai gidan burodi ta ce za ta ɗauke shi ya riƙa jera burodi, in dai zai daina rungumar masu saye. Ta ce ya zama saurayi, kuma ranar nan ya kusa karya wa matar ɗan sanda haƙarƙari. Sai na yi yadda kika ce: ba tsawa, ba faɗa. In ya buɗe hannuwa in kau da kai, in ya miƙa hannu ɗaya in yabe shi nan take. Da farko dariya yake yi mini, yana cewa tsoho ya zama gwamna, sai an gaishe shi da hannu. A hankali ya daina dariyar, ya koya. Milunka ta ɗauke shi aiki, har ta ba shi farar hular masu burodi.

Shekaranjiya muka yi bikin shekara-shekara na waliyyin da gidanmu yake girmamawa. An kunna kyandir, an yanka burodin biki, baƙi suna sumbatar juna a kumatu kamar kullum. Da aka zo kaina, Ostoja ya tsaya nesa kaɗan, ya miƙo hannu, ya girgiza nawa. Sannan ya tsaya yana jira. Ya ce, "Na yi daidai, Kaka?" Na ce masa ya yi daidai. Da baƙi suka watse na gaya masa ni ba mai sayen burodi ba ne, a gida babu laifi. Ya ce a'a, shi yanzu ma'aikaci ne.

Ki gaida mijinki Zlatko da gwaggonki Stamena. Hanyarki ta yi aiki, ki gaya wa duk wanda ya koya miki ita. Ya samu aikin. Tun rasuwar mahaifiyarki shi kaɗai ne yake rungume ni, yanzu ya daina.

Mahaifinki,
Radivoje