Kawu Ya Zo Bincike, Ya Ƙi Sakin Rimot

Anti Jannatu, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ki ɓoye sunana, don in 'yan ofishinmu suka gane ni ne, to na shiga uku da tsiya har ranar da zan yi ritaya.

Ni mutumin Katsina ne. Aiki ya kawo ni Abuja, hayar Abuja ta koro ni Suleja, ina zaune a Kwamba. Na haura arba'in. Aurena na farko ya mutu tuntuni, ba faɗa ba zagi, zama ne ya ƙare. Ba na shan komai, ba na zaman majalisa, ko ƙwallo ba ta dame ni ba. Abu ɗaya ne ya shiga raina ya yi kane-kane, kuma shi ya sa nake rubuto miki: motar rimot.

Kada ki yi dariya tukuna. Ba irin ta yara ba ce da ake tallarta a gosulo. Wannan tsawonta ya kai kamu guda, tayoyinta huɗu duk suna ja, tana da shokozoba na gaske mai shanye gargada, kuma ba don gudu aka yi ta ba, don hawa dutse aka yi ta. Maƙwabcina Kayode, mai gyaran esi na sanyaya ɗaki, shi ya fara ja na wajen duwatsun da ke bayan unguwarmu, inda shi da abokansa suke taruwa ranar Asabar. Na je ne don in yi musu dariya, ƙarti da gemu suna bin abin wasa. Da aka miƙo min rimot na ga taya ɗaya ta ɗaga sama tana lalube, ta samu wurin kamawa, motar ta ja jiki a hankali ta haye, wallahi sai da na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Ki duba ikon Allah: duk mako ina cikin gosulon Zuba ina tsine wa masu tafiyar hawainiya, ranar hutu kuma in tafi in lallaɓa mota ta yi tafiyar hawainiya da gangan, ina jin daɗi.

Kayode ya ce in fara da haɗaɗɗiya, kada in sayi wadda sai na ɗaura da kaina, kuma kada in canza mata komai sai na san halinta. Na samu ta hannu mai lafiya, muka ci gaba da zamanmu.

To, ana nan sai Allah ya haɗa ni da Safara'u. Malamar asibiti ce, mijinta ya rasu, mace mai hankali da ba ta son kwana-kwana. Muka daidaita. Baffanta da ke Gawu Babangida, wanda shi ne waliyyinta, ya ce tunda ni baƙo ne a garin nan, sai an yi bincike a kaina. Ban ji haushi ba, haka ake yi. Aka ɗora aikin a kan Kawu Salisu, ƙanin mahaifiyarta, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya yi ritaya yake zaune a nan Suleja.

Kawu ya tambayi liman, ya tambayi mai gidan da nake haya, duk suka yi min shaidar arziki. Sai mai shagon bakin layinmu, Allah ya shirye shi, ya ce masa ai in yana son ganin ainihina ya bi ni bayan unguwa. Anti, a kwance ya same ni rub da ciki a kan dutse, da gajeren wando, ƙugu a sama, ina leƙen ƙarƙashin mota in ga inda ta maƙale. Sallama kawai na ji a kaina. Na ɗago na ga dattijo da babbar riga da hula, fuskar nan a murtuke. Na so in ce ta ɗan maƙwabta ce, na waiga babu yaro ko ɗaya a wurin. Ya daɗe yana kallon motar, sannan ya miƙo hannu ya ce, "Kawo in gani."

Shi ke nan. Sai kiran sallar Azahar ne ya raba shi da rimot ɗin nan.

Tun daga ranar, duk Asabar Kawu yana riga ni zuwa dutse. Rahoto kuwa shiru. In Baffa ya kira shi, sai ya ce ana kan bincike, yaron yana da zurfin ciki, ba a gaggawa da irin wannan. Damina ta same mu a haka, ga shi tana shirin fita. Kuma ya ja min kunne cewa duk ranar da wani a danginsu ya ji yana taɓa abin wasa, to in tabbata rahotona zai fito baƙi ƙirin.

Da ma a ce ya iya tuƙin ne da sauƙi. Kawu bai san wani abu wai shi lallaɓawa ba, danna maɓalli yake har ƙarshe kamar mai bin bashi. Kullum ƙorafinsa motar ba ta da wuta. Na yi masa bayani cikin ladabi cewa haka aka yi ta, ya ce raini ne na masu ƙera ta, sun ga mu baƙaƙe ne suka turo mana marar ƙarfi. Rannan ya ce zai tafi da ita gida ta kwana biyu, wai yana cikin bincike. Wa ya isa ya hana?

Ashe Gauraka ya kai ta, wajen wani mai naɗin koyil na fanka. Mutumin ya buɗe ɗan injin ya sake naɗa shi don ya ƙara gudu. Daga nan Kawu ya tsallaka wajen mai walda, aka yi mata bamba da rodi, aka ɗora mata kariya a sama irin ta motar ɗaukar doya, har da rubuta mata "Allah Ya Kiyaye" a baya. Da ya dawo da ita ranar Asabar yana ta washe baki, Kayode ya kalle ta ya koma gefe ya zauna ya dafe kai. Kawu na danna rimot ta zabura kamar an watsa mata ruwan zafi, ta daki dutse, ta wuntsila, ta kwanta tayoyi a sama. Sai hayaƙi, sai warin ƙonanniyar fanka. Ni ina tsaye hawaye na neman zubo min, shi kuwa ya juyo ya dube ni ya ce, "Wanda bai iya riƙon mota ba, ina zai iya riƙon 'yar mutane?" Ya ce sai na gyara ta za a ci gaba da bincike.

Abin da ya fi ƙona min rai ba motar ba ce. Safara'u ta fara zargin Kawu ya gano wani mugun abu a kaina yana jin nauyin faɗa. Ta tambaye ni ko ina da mata a Katsina da na ɓoye, ta tambaye ni ko wata cuta ce. Na ce babu, ta ce to mene ne, na kawar da zancen. Yanzu in na kira ta, gaisuwa ce kawai irin ta ma'aikaciya da majinyaci. Baffa kuma ya aiko cewa in wata ya mutu bai ji komai ba, zai ɗauki shirun a matsayin amsa. Ina son matar nan, Anti, ina tsoron rasa ta.

Yanzu me zan yi? In gyara motar, ta ina zan fara? Ko in sayo wa Kawu mai gudu in huta? Ko in tona masa asiri, kowa ya rasa?

Wanda Ake Bincike, Kwamba, Suleja

AMSA

Ɗan'uwa, na yi dariyar, ka yafe ni. Amma na ji tsoron da ke cikin wasiƙarka, kuma yana da dalili.

Bari mu sallami motar tukuna, tunda ita ce mai sauƙi. Ni ban taɓa riƙe rimot ɗin da ya wuce na talabijin ba, don haka na tambayi Temitope, ƙanin wata ƙawata da ya daɗe a wannan harka. Ya ce injin da aka sake wa naɗi ya tafi ke nan, kuma da wuya bai tafi da ɗan akwatin da ke raba masa wuta ba. Ka sayi irin nata na asali, masu ƙarfin ja ba masu gudu ba. Bamba da kariya a cire su, domin duk nauyin da ya hau sama shi ke kifar da ita. In kana son ƙara mata wani abu, ka fara da tayoyi masu laushi da ke kama dutse, sai ɗan injin sitiyari mai ƙarfi, sai ɗan nauyi a ƙasa wajen tayoyin gaba. Ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa, don ka san wanne ya yi aiki. Ya kuma ce ka duba batirin da kyau: in ya kumbura, ka rabu da shi, kuma kada ka saba barin sa a caji ka fita. Mai naɗin koyil kuwa a bar shi da fankarsa.

Yanzu mutane. Kawu bai kyauta ba. Amana aka ba shi, ya mayar da ita tikitin shiga filin wasa, ya bar 'yarsa cikin zullumi. Amma kai ma da naka. Ka zaɓi mace ta riƙa tunanin kana da cuta ko ɓoyayyar mata, a kan ta san kana wasa da mota. Wannan ba kawaici ba ne, tsoro ne. Wasan da ba ya hana ka salla, ba ya hana ka aiki, ba abin ɓoyo ba ne, kuma macen da za ta zauna da kai dole wata rana ta ci karo da taya a ƙarƙashin gado.

Saboda haka yau ɗin nan, kafin ka nemi ko da kusa ɗaya ta mota, ka je ka sami Safara'u ka gaya mata komai. Ita kaɗai, ba dangi ba. Kawunta ne, ta fi ka sanin yadda za ta rufa masa asiri. Za ta yi fushi, wataƙila ta yi dariya har ta zauna, duka biyun sun fi wannan gaisuwar asibiti da kake sha. Sannan ka turo magabatanka daga Katsina su je Gawu Babangida su gaida Baffa, su nemi jin inda aka kwana. Manya in suka zauna, mai bincike ba ya iya ci gaba da cewa ana kai.

Kada ka sayo wa Kawu komai kafin ya ba da rahoto. Wannan cin hanci ne, kuma in ya fito, auren ne zai sha kunya.

Amma ka tsaya ka tambayi kanka abin da ya sa dattijon da ya riga ya ji shaidar liman yake jan ƙafa. Ni ban ga alamar yana ƙin ka ba. Abin da na gani shi ne ya san al'adarmu sarai. Yau kai baƙo ne da ake bincike, yana da hujjar zama kusa da kai. Ranar da aka sa rana, ka zama suruki. Suruki kuwa ko abinci ba a ci a gabansa, balle a yi ta ihu tare a kan dutse ana rigimar wa zai karɓi rimot. Mutum ne da ya bar aiki, gari ya waye masa ba inda za shi, sai ga abin da ya sa yake ɗokin Asabar. Da bakinsa zai kawo ƙarshen wannan, shi ya sa bakin ya yi nauyi. Ba halinka yake bincike ba, sallama da wasan yake jinkirtawa.

To ka cire masa wannan tsoron, amma ba da bakinka ba, don ba zai iya jin haka daga gare ka ba. Kayode ba surukin kowa ba ne. Shi zai shaida wa Kawu, kamar hira, cewa in an gyara motar a shagonsa za ta riƙa kwana, kuma duk Asabar akwai rimot da ke jiransa, ko an yi aure ko ba a yi ba. Shi ne kuma zai iya ce masa ya sassauta ɗan yatsa ba tare da an kira shi marar kunya ba.

Kai kuma ga naka kason, kuma na san zai yi maka ɗaci: ka bar masa Asabar. Ka koma Lahadi, ko wata yammar da ka samu. In wata Asabar hanya ta bi da kai ta bayan unguwa, ka jiyo muryar tsoho yana murna mota ta haye, to ba ka ji ba, ba ka gani ba. Ka wuce abinka. Da yamma ka sa doguwar riga, ka je gidansa, ka durƙusa ka gaishe shi, shi kuma ya amsa yana kallon gefe kamar bai taɓa sanin ka a wani wuri ba.

Allah ya daidaita tsakaninka da Safara'u, ya sa a ɗaura lafiya, ya ba ku zaman arziki.

Anti Jannatu