Ƙarya Ɗaya a Kowane Labari

Litinin, 8 ga Satumba

Kuɗin da jiharmu ta Arizona ke ware wa yaran da ake koyarwa a gida sun shigo. 'Yata Griselda ba ta yi wata-wata ba, ta saya wa jikata Paloma manhajar nan da ake tambaya tana amsawa kamar mutum. Na raɗa wa manhajar suna Sarkin Sani. Wai kuma akwai darasin koyon aiki da ita, kuma babu gurbi sai Alhamis da hantsi. Alhamis ɗina! Na ce wa 'yar tawa ta rubuta wa jiha su yi mini kuɗi ni ma, ko da arha ne. Ta ce, "Mama, labaranki ba sa cikin tsarin karatu." Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a wuya.

Alhamis, 11 ga Satumba

Wataƙila ta ƙarshe ke nan. Tun jikata tana shekara biyar muke wasan nan, yanzu tana goma: in ba ta labari in ɓoye ƙarya ɗaya a ciki, in ta kama ta ci tortiyar farko daga kasko, wato gurasarmu ta masara, in ta kasa ni in ci tana kallo. Yau ta kama tun ban rufe baki ba. Ni da na tsaya a aji shida, wannan kaɗai na iya koyarwa.

Talata, 16 ga Satumba

Paloma ta tambayi Sarkin Sani labarin kakanta Anselmo, marigayi mijina. Ya zuba mata bayani tiryan-tiryan, wai shugaban ma'aikata ne a mahaƙar tagulla, har da lambar yabo. Anselmo da ya mutu yana tuƙa motar kwasar ƙasa! Yarinya ta yamutsa hanci ta ce wannan irin muryar Nana ce, wato ni, in na zo kan ƙaryata. Griselda ta duba littafin darasin, ashe abin da ake so yaro ya iya ke nan, kada ya haɗiye duk abin da aka ba shi. An bar mini Alhamis. Na yini ina tsokanar Griselda.

Alhamis, 25 ga Satumba

Labarin ambaliya na bayar, na ɗora jaki a kan rufin coci. Paloma ta kama ƙaryar jakin. Sai ta ce saura ɗaya, wai na ce Anselmo ya saɓo Griselda a kafaɗa ya ƙetare ruwa, alhali ba a haife ta ba sai bayan shekara uku. Ta ɗauko tsohon hoton ambaliyar, ta nuna mini kwanan wata a bayansa. Na ce da gangan na sa biyu, uwar bincike, na ba ta tortiya biyu.

Ɗaya na sa. Har yanzu ina ganin yarinyar a kafaɗarsa, da jar riga. Wace ce, to?

Asabar, 27 ga Satumba

Sunan titin da muka fara zama. Tun safe nake neman sa a kaina, ya ƙi zuwa.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na ce wa Griselda rubutun Paloma kamar kaza ta yi tono, dole ta riƙa rubuta labaraina a littafi, ta ja layi ƙarƙashin ƙaryar, ta duba sauran da hotuna da takardun kakanta. Don gyaran hannunta ne kawai.

Paloma tana cikin rubutu ta ce, "Nana, kin san bambancinku da Sarkin Sani? Shi bai san lokacin da yake ƙarya ba. Ke kin sani."

Na juya tortiyar, har ta ɗan ƙone. Na ce mata ta rubuta da sauri, yau labari uku zan bayar.