Sai Na Dangwala Yatsa Kafin Mu Je Kallon Ruwa

Anti Fatsuma, don Allah ki taimake ni, ki saurare ni har ƙarshe. Ban iya rubutu ba, shi ya sa nake miki magana a waya. An ce mani kina rubutawa yadda mutum ya faɗa. To ki rubuta, amma kar ki sa sunana.

Ni 'yar Bomo ce, aure ya kawo ni Samaru, shekara uku ke nan. Maigidana gyaran firij yake yi, shagonsa na Sabon Gari. Ba ya duka, ba ya sha, ba ya kwana waje. Na fara da wannan ne don kar ki ɗauka ƙararsa na kawo. 'Yarmu ɗaya, Hefziba, shekararta ɗaya da wata takwas, lokacin yaye ya yi. Mama ta ce a kai mata ita Bomo ƙarshen watan nan ta yi kwana bakwai a wurinta, yadda ake yi.

To daga nan maganar ta taso. Ya ce tunda yarinya za ta wurin kaka, ba zai bar ni in zauna a ɗaki ina kallon ƙofa ina kuka ba, zai kai ni hutu. Na ce hutu ai ga gado nan. Ya ce ba irin wannan ba. Wai akwai wani gari can gaba da Jos, cikin duwatsu, da wani babban ruwa kwance a gindin dutsen, mutane na zuwa daga nesa. Wani abokinsa, Gregory, ya je da matarsa bara, tun da ya dawo bai bar kunnen kowa ya huta ba. Na ce wa muke da shi a garin. Ya ce ba kowa. Na ce to wa za mu gaisar. Ya ce ba gaisuwa za mu ba, ruwa za mu kalla. Anti, ni tun da aka haife ni ban taɓa shiga motar tafiya ba sai biki, ko rasuwa, ko asibiti. Da na gaya ma Mama, tambayata ta yi me ruwan ya yi da za a je kallonsa.

Tafiyar kwana uku ya shirya. Ya tsara komai, kullum ya dawo daga shago sai ya zaunar da ni ya maimaita mani kamar za a yi mani jarrabawa. Juma'a da sassafe mu kama mota a tasha, mu sauka Jos, mu sake wata. Asabar da safe a hau dutse. Da rana a shiga kwale-kwale a zaga ruwan. Lahadi bayan sujada kuma akwai wata igiya da aka ɗaure daga kan dutse zuwa ƙetaren ruwa, a rataye mutum a jiki a sake shi. Ya nuna mani a waya. Wata mata ce, babba, mai jiki, tana tafiya a sama kamar zanen da aka shanya iska ta ɗauke, tana ihu. Ya ce ihun daɗi ne. Na ce ya maido in sake gani. Ni dai na san ihu.

Har ya sayo mani takalmin gudu irin na ɗalibai a kasuwar Sabon Gari, da rigar sanyi. Takalmin ya yi mani yawa, ya ce a can da safa biyu ake sawa. Na ce a raina in mun je sai in ce kaina na ciwo, in yi zamana a ɗaki, shi ya je ya rataya.

Sai ga takarda. Mutanen wurin ne suka turo masa ta waya, ya je aka bugo masa guda biyu, tasa da tawa. Wai sai an cike an mayar masu kafin su riƙe mana wuri. Ya sa hannu a tasa a tsaye, ko zama bai yi ba. Ya ce in dangwala yatsa a tawa, ƙa'ida ce kawai, har ɗan akwatin tawada ya aro ya zo da shi. Na ce hannuna da manja, a bari sai gobe.

Da safe bayan ya fita na kai ma Malama Dinatu, maƙwabciyarmu, mai koyarwa a firamare. Na ce ta karanta mani duka, kar ta tsallake ko layi ɗaya. Ta karanta da Turanci tana juya mani da Hausa. Wai ni da kaina na yarda, ba wanda ya tilasta ni. Wai na san abin na iya kawo rauni, ko karaya, ko mutuwa. Wai in haka ta faru ba ruwansu. Can ƙasa kuma akwai wurin rubuta sunan wanda za a kira.

Anti, na san takardar nan. Na taɓa jin ta.

Ranar haihuwar Hefziba naƙuda ta ƙi, kwana da wuni ina fama, aka ce sai tiyata. Ina kwance a kan gadon nan mai taya a bakin ƙofar ɗakin. Sun ɗauka ba na ji, amma ina ji sarai. Nas tana karanta ma maigidana takarda, kuma maganganun nan ne, an yarda, ana iya rasa uwa, ana iya rasa ɗa. Ba ta ma gama ba ya karɓe biron ya sa hannu. Na ji ƙarar biron. Ban taɓa gaya masa na ji ba. Na tashi, yarinya ta zo lafiya, mun gode Allah. Amma abin ya zauna mani a rai cewa bai tsaya ba. Ko tambaya ɗaya bai yi ba. Yanzu kuma ga shi ya sake sa hannu a tsaye.

Waccan dai dole ce, haihuwa ta zo. Wannan fa? Lafiyarmu ƙalau, mu ɗauki ƙafarmu mu shiga mota biyu mu je inda ake ba mutum takardar tiyata. Kuma mu biyu a kwale-kwale ɗaya. Waccan ranar in da na tafi, shi yana waje, yarinya na da uba. Wannan in ya kife fa? Ni ban iya ruwa ba, shi ma iyakar ruwansa bokiti. Mama ta tsufa, ƙafa na damunta, ga gona. Wurin wanda za a kira sunan Mama ya rubuta, mai wayar da kullum ba caji. Sai in zauna ina kallon yarinyar nan tana buga murfin tukunya, in ga ana kai ta gidan wannan ana kai ta gidan wancan, kowa na cewa nasa sun ishe shi.

Malama Dinatu ta ce kar in damu, ko'ina haka ake rubutawa. Na ce to ko'ina mutuwa ake yi ke nan. Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Yau kwana biyar. Takardar tana ƙarƙashin buhun masara. Na ce masa Hefziba ce ta ɗauke ban san inda ta kai ba, Allah ya yafe mani, na ɗora ma yarinyar da ba ta iya kare kanta ba. Ya ce ba komai zai sake bugowa, amma ranar Laraba ce ƙarshe. Ya ce in fara rage mata nono, na ce to, da ya fita ƙara mata nake yi. Abinci ba ya wuce mani. Shi kuwa murna yake, ya gaya ma kowa a coci, har ya fara sauka daga bas tun kafin a kai shago yana ƙarasawa a ƙafa, wai yana koyon hawan dutse, a titin da ko tudu babu.

Ba na so in kashe masa jiki. Tun da nake ba a taɓa shirya mani komai ba, ko a bikina aiki na yi. Amma in na dangwala ji nake kamar na yarda 'yata ta zama marainiya. In na ƙi kuma zai ce 'yar ƙauye ya aura, ko bai faɗa ba zan gani a fuskarsa. Anti, in dangwala ko kar in dangwala? Don Allah ki amsa mani kafin Laraba.

Uwar 'ya ɗaya, Samaru

*

'Yata, na saurari saƙonki sau biyu, na rubuta shi yadda kika faɗa, sunaye kawai na canza. Malama Dinatu ta karanta miki amsar, ita ma kada ta tsallake layi.

Kada ki dangwala tukuna. Ban san wurin ba, ba zan ce yana da haɗari ko ba shi da shi ba. Amma takardar da kanta ta ce ba wanda ya tilasta ki, kuma yau in kin dangwala tsoron ɓata masa rai ne ya dangwala. Kin yi daidai da kika kai aka karanta miki, ki riƙe wannan ɗabi'a har tsufa.

Malamarku tana da rabin gaskiya. Masu irin waɗannan wurare suna rubuta takardar ne don kare kansu, ba sanarwar abin da zai faru ba ce. Ɗaya rabin kuma naki ne. Ruwa ba abokin wasa ba ne, kuma iyayen ƙaramar yarinya da ba su iya iyo ba suna da damar yin tambaya. Duk wanda ya kira wannan ƙauyanci bai taɓa goyo ba.

Sai dai abin da ya hana ki cin abinci ya girmi wannan tafiya da shekara ɗaya da wata takwas. Kin ji mijinki ya sa hannu da sauri ranar tiyata, kika fassara shi ke kaɗai, kika ajiye. Na taɓa tsayawa a irin wannan ƙofa, ƙanwata ce a ciki. Mai riƙe da biro a wurin ba ya jin karatu, agogo yake kallo, domin an gaya masa kowane minti yana da muhimmanci. Ban shiga zuciyar mijinki ba. Amma mutumin da ya hango matarsa za ta yi kukan yaye tun ba a kai yarinyar ba, har ya fara neman inda zai kai ta, bai yi mini kama da wanda bai damu ta tashi ko kada ta tashi ba. Kuskurensa shi ne ya shirya miki hutu irin wanda shi yake so, bai tambaye ki ba. Igiyar nan, ina zargi, tasa ce tun farko.

Ki ciro takardar daga ƙarƙashin masara yau, ki wanke yarinya daga laifin da ba ta yi ba. In ya ci abinci ya natsu, ki ba shi, ki ce ya karanta miki da bakinsa, a zaune. Idan ya zo wurin da aka ambaci mutuwa, ki gaya masa inda kika taɓa jin waɗannan maganganu, ki tambaye shi abin da ke ransa a ranar. Ki bar shi ya amsa ko zai daɗe. Mai yiwuwa ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Bayan nan sai maganar tafiya. Ya kira mutanen wurin a gabanki. Akwai rigar nan mai hana nutsewa, kowa da tasa daidai jikinsa? Mutum nawa ke shiga kwale-kwale ɗaya, wa ke tuƙi, akwai mai ceto a bakin ruwa? Ana iya zuwa a kwana ba tare da an hau komai ba? In suka fara kwana-kwana, ku fasa. In amsa ta gamsar da ku, ga sharaɗinki, kuma sharaɗi ne mai kyau: ba za ku shiga kwale-kwale lokaci ɗaya ba. Ya shiga, ki tsaya a baki. In ya dawo a bushe kuma ranki ya so, ki shiga shi ya tsaya. In ranki bai so ba, an gama. Igiya kuwa, mace mai ɗinkin tiyata ba ta rataya a jikin komai sai ta tambayi likita, ko kuma ki bar masa kayarsa. Hanyar ma ku yi ta da rana a motar tasha, kuma a takardar a ƙara sunan wanda wayarsa ke da caji.

Wani abu kuma da bai lura da shi ba: ya haɗa miki rabuwa biyu a mako ɗaya. Ana cewa ki rage kina ƙarawa, to yarinya ba ta shirya ba, ke ma haka. A yi yayen a hankali, kina Samaru tana Bomo, inda in ta yi zazzaɓi babur ɗaya ne tsakaninku. Jikinki ma zai yi nauyi a kwanakin farko, ba lokacin hawan dutse ba ne. In ta saba da kakarta sai ku tafi. Laraba ta mutanen wurin ce. Dutse da ruwa suna nan wata mai zuwa. In kuma bayan duk wannan ranar tiyata ba ta daina dawo miki ba, ki faɗa wa nas a asibiti, ba ke ce ta farko ba.

Kada ki ce masa ba za ki ba. Ki ce masa za ki, a kan waɗannan sharuɗɗa, sannan ki dangwala in kin gamsu. Ya kamata ki ga yadda ake zama a kawo wa mace abincin da ba ita ta hura wutarsa ba. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya raya Hefziba a gaban idonku, ku biyu.

Anti Fatsuma