Taksin Baba a Ƙofar Asibiti

Dakar, farkon Nuwamba 1958

Zuwa ga mai ɗakina Hajara, a Kara-Kara, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da so da bege, ina fata kina lafiya, ke da yara da Inna da dukan mutanen gida. Yaya ciwon ƙafar Inna? Idan kun tambaye mu, ni da Baba mun sauka Dakar lafiya, sai godiyar Allah. Wannan takarda ki karanta ta ke kaɗai, kada ki kai wa Inna.

Ke shaida ce, ranar da waya ta iso mu a posta cewa an kwantar da Yaya Idirisu asibiti da ciwon huhu, Baba ya ci gaba da harkar gyaɗarsa kamar bai ji ba. Kashegari ya bar kakar gyaɗa a tsakiyarta, ya ce wai yana da harka a Dakar, in nemi izini a biro, ofishin da nake aiki, in raka shi don Faransanci. Wace harka, Hajara? Mutumin da bai taɓa wuce Kano ba. Amma kin san halin tsofaffinmu da ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kama sunan Yaya ba, ban taɓa ganin ya dube shi ido da ido ba, sai dai ya ce wannan na Dakar.

A jirgi, daga Damagaram zuwa Yamai, daga Yamai zuwa Bamako har nan, idonsa a rufe, carbi a hannu. Da muka sauka kuwa sai halinsa na ɗan kasuwar Zongo ya tashi. Filin jirgin nesa yake da gari, dole sai an shiga taksi. Taksin nan nasu kuma akwai wani ɗan agogo a gaba, mota na tafiya yana ƙirga kuɗi, ba taya ba albarka. Baba ya ce shi tun da yake bai taɓa sayen abin da sai an cinye ake faɗin kuɗinsa ba. Haka ya dinga bin motoci ɗaya bayan ɗaya yana tayawa, ni ina fassara, direbobi suna ta yi mana dariya da yarensu. Duk waɗanda muka zo tare suka watse suka bar mu da jakunkuna a rana. Wallahi raina ya ɓaci. Yaya na can kwance, mu muna nan muna jayayya a kan 'yan dalolin da ba su kai kuɗin goron Baba na yini ba. Sai daga baya na gane ba kuɗin ba ne, ba ya son a ga yana gaggawar zuwa wajen ɗansa.

Allah ya taimake ni da wani direba da ya jiyo Hausa ya sheƙo ya durƙusa. Sunansa Suma'ila, ɗan Gaffati ne, tsohon soja, tun bayan yaƙi ya maƙale a nan. Baba ya tambaye shi ɗan gidan wa ne, ashe ya san kawunsa, sun yi cinikin gyaɗa. Shi ke nan, ya shiga motarsa kamar ba shi ne mai tsiyar ɗazu ba.

Suma'ila ya ce bari ya kai mu Madina, unguwar da Hausawa suke, akwai mai masauki, akwai tuwo, ba wanda zai karɓi ko tamma. Baba ya ƙi. Ya ce a zaga da shi manyan otel na Nasara. Wannan otel ya duba ya ce kusa da kasuwa yake, hayaniya. Wancan ya leƙa ya ce warin giya. Daga ƙarshe muka tsaya a wani dogo a bakin teku, da masu gadi cikin fararen kaya. Bature mai karɓar baƙi ya dubi babbar rigar Baba sama da ƙasa, ya faɗi kuɗin kwana ɗaya, abin da zai sayi rago mai kyau a kasuwar Mirriya. Na jira in ji tsiya, sai na ga Baba ya sa hannu aljihu. Ya ce ɗaki mai taga wajen ruwa, kuma gado uku. Da na tambaye shi na ukun na wa ne, ya kau da kai ya ce mutum in ya fito asibiti yana bukatar iska mai kyau.

Na je na ga Yaya ni kaɗai. Hajara, ba za ki gane shi ba, ya rame sai idanu. Kafin ya amsa gaisuwata ya tambaya ko da gaske Baba ya zo, da na ce e sai ya rufe fuskarsa da zane. Gobe zan kai Baban.

Ki gaida kowa. Ki ce wa Inna mun same shi da sauƙi.

Ni ne mijinki mai tunaninki,
Garba

Dakar, tsakiyar Nuwamba 1958

Zuwa ga Hajara.

Bayan sallama da gaisuwa, ina fata ke da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya haƙuri da rashinmu? Takardarki ta iso, na gode da addu'a. Mu dai muna nan, amma zuciyata ba daɗi.

Na kai Baba asibiti kamar yadda na gaya miki, da ma ban kai shi ba. Ya sa rigarsa mai aiki, ya fesa turare, ya sayi goro ƙwarya guda, wai na masu jinya. Mun tarar da wasu 'yan ƙasarmu, ɗalibai da abokan aikin Yaya, sun kewaye gadon. Baba ya tsaya daga bakin ƙofa yana gaisawa da su ɗaya ɗaya, yana tambayar garuruwansu, kamar su ya zo gani. Yaya na jin muryarsa sai ya yaye bargo. Mutumin da ba ya iya ɗaga kofin ruwa, ya zuro ƙafafu ƙasa wai zai durƙusa ya gaida ubansa. Na riƙe shi, ya ture hannuna. Gwiwarsa na taɓa siminti tari ya sarƙe shi, ya faɗi kife, jini ya ɓata gaban rigarsa duka. Masu jinya suka rugo suna faɗa. Ina ɗaga kai na ga Baba ya miƙo hannu, sai ya mai da shi cikin riga, ya juya ya fita.

A mota na same shi. Abin da ya ce kawai shi ne in ya sake shiga yaron nan zai sake saukowa, saukowar kuwa za ta kashe shi. Na koma na roƙi Yaya, na ce in Baba ya shigo ya yi zamansa a gado, ba wanda zai ga laifinsa. Ya yi murmushi ya ce ai ba zai iya ba, ko ya yi niyya jikinsa ba zai yarda ba. Ki ji fa. Wannan ya ƙi, wancan ya ƙi, ni a tsakiya kamar in fasa ihu.

Tun daga ranar, kullum bayan azahar Suma'ila zai zo otel ya ɗauke mu. Ni in shiga, Baba ya zauna a bayan taksi a ƙofar asibiti, daidai inda ake hango tagar ɗakin Yaya a sama. Agogon nan na ta ƙirgawa. Suma'ila ya yi ya yi ya kashe shi, Baba ya hana, ya ce mutum ba ya tsai da sana'ar wani a banza. Haka zai zauna har a kori masu dubiya, in fito, ya biya abin da agogo ya ce bai ko duba ba. A hanya ba ya tambayata komai. Sai mun kusa otel zai ce, kamar da direba yake, ko mutanen ciki sun ci abinci yau.

Abincin otel ɗin ma ba ya ci. Su kawo faranti bayan faranti da cokula kala-kala, ya tura mini, ya jiƙa garin fura da Inna ta ƙulla masa ya sha. Kowace safiya kuma sai ya sa an canja zanen gadon da ba wanda ya kwana a kai.

Jiya likita ya kira ni gefe. Ya ce huhun biyu duk sun tafi, ba sauran abin da za su yi, sai dai kwanaki. Ban gaya wa Baba ba. Na fito na shiga mota, ya dubi fuskata sau ɗaya, bai tambaya ko an ci abinci ba. Hajara, tsoro nake ji. Tsoro nake Yaya ya tafi yana kallon ƙofa, Baba kuma ya koma Damagaram da abin da ya taho da shi a ransa bai sauke ba.

Ki sa a yi sadaka ranar Juma'a, ki ce ta tafiya ce. Ki shafa mini kan yara.

Naki,
Garba

Dakar, ƙarshen Nuwamba 1958

Zuwa ga Hajara.

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, yaya haƙuri? Na san wayar da na buga ta riga wannan takarda, kuma gida ya cika da masu gaisuwa. Allah ya jiƙan Yaya Idirisu, ya sa ya huta. Mun rufe shi a nan, Hausawan Madina sun yi mana komai, Allah ya saka musu. Abin da waya ba ta ɗauka shi zan gaya miki, don in ban faɗa wa wani ba zai kashe ni.

Ranar Laraba na same shi da ɗan ƙarfi, har ya yi mini tsiyar na yi ƙiba da abincin Nasara. Can sai ya jawo ni kusa ya ce ya yi dabara. In sallami kowa, in je in ce wa Baba yana barci, barci mai nauyi na magani. Mai barci ai ba ya sauka gaisuwa, kuma ba a jin kunyarsa. Ya ce shi zai rufe ido ba zai motsa ba, abin da yake so kawai ya ji Baba kusa. Na gyara masa matashi, na goge masa fuska. Ya rufe ido ya tambaye ni ko ya yi kama da mai barci, na ce ƙwarai, har muka yi dariya.

Na sauka wajen taksi. Baba bai yarda nan da nan ba. Sai da ya tambaye ni ko na tabbata, ko akwai mutane, ko in ya farka fa. Na rantse masa da ƙarya, Allah ya yafe mini. Ya ce a bari tukuna. Ya gyara rawani, ya sake kwancewa ya naɗa. Na daɗe a tsaye a jikin motar nan ina roƙo, har Suma'ila ya sa baki, sannan ya fito.

Yaya na kwance yadda na bar shi. Baba ya tsaya a ƙofa ya saurara, sannan ya cire takalmi ya shiga a hankali ya zauna a bakin gadon. Ni na ja baya na tsaya inda nake gani ta tsagar ƙyaure. Ya ɗora hannu a goshinsa. Hannun ya daɗe a wurin bai motsa ba. Daga nan na ji ya kira sunansa, Idirisu, ƙasa ƙasa, ya sake kira. Ya dinga yi masa magana da Barbarci, irin wanda yake yi da kakarmu kafin ta rasu, ni ba na ji sosai. Abin da na kama, ya ce shi ne ya kai shi lekwal, makarantar boko, da hannunsa, ranar kuma bai iya cin abinci ba. Ya ce ya sama masa ɗaki mai iska. Ya ce ya yafe masa duniya da lahira. Yana magana yana shafa kansa kamar jariri. Ni kuwa ina bayan ƙyaure ina kuka ina murna, ina cewa a raina Yaya ya iya barcin ƙarya, ko gashin idonsa bai motsa ba.

Da ya gama ya ja bargo ya rufe masa ƙafafu, ya fito ya sa takalmi. Ya ce mu tafi, kada mu tashe shi. Na ce ya yi gaba, na manta hulata. Na koma da sauri ina dariya, na ce wa Yaya ya buɗe ido, Baba ya fita, dabara ta ci. Bai buɗe ba. Na kama hannunsa, Hajara, hannun ya fara sanyi.

Na tambayi mai jinya, ta ce ba wanda ya shiga bayan fitata ta farko sai ni da Baba. Na tambayi likita yaushe ne, ya ce ba zai iya yankewa ba, ko kafin mu hau, ko muna ciki. Kullum sai na auna tsayuwar da muka yi a jikin taksin nan, in auna zaman Baba a bakin gado, in rasa wanne ya fi tsawo. Ban sani ba ko ya ji sunansa. Ban sani ba, kuma ba mai gaya mini.

Baba ya wanke gawa a Damagaram ba iyaka, hannunsa ya san goshin mai barci. Da na sauko na same shi a mota, kafin in buɗe baki ya ce wa Suma'ila ya kai mu inda ake sayar da likkafani. Ban tambaye shi ba, shi ma bai tambaye ni ba.

Jirgin Litinin za mu biyo in Allah ya yarda. Kafin mu iso ina roƙonki abu ɗaya. Na san Inna na zaune cikin mata tana amsa gaisuwa da busasshen ido, don ba ta da halin yin kukan ɗan fari a gaban mutane. Ki nemi dalili ki shigar da ita ɗakinki, ki ja mata ƙyaure, ki zauna a waje kada kowa ya shiga. In ta fito ta tambaye ki ko uban ya gan shi, ki ce mata ya gan shi, ya zauna kusa da shi, ya kira sunansa. In ta tambaya ko ya amsa, ki ce yana barci.

Allah ya ba mu haƙuri, ya haɗa fuskokinmu lafiya.

Mijinki,
Garba