Ranar da na kashe inji na uku

Laraba da dare, Dorayi

Yau aka tsayar da inji na uku. Ni na kashe shi da hannuna, bayan shekara tara ina tsaye a kansa yana fitar da bokitin roba. Siton kamfani ya cika har rufi, babu mai saye. Dilolin da ke zuwa kamfaninmu a Sharada da manyan motoci yanzu a-daidaita-sahu ɗaya ya ishe su.

Manaja ya tara mu a bakin get. Ya ce an ƙara kuɗin ruwa a bankuna don a rage tsadar kaya, shi ya sa 'yan kasuwa suka daina sari da yawa. Ga janye tallafin mai, ga haraji, ɗan abin da ke hannun mutane a abinci da kuɗin mota yake ƙarewa. Bulus, abokin aikina ɗan Jos, ya ce, "Ranka ya daɗe, wato kafin kaya su yi sauƙi sai mun zauna a gida?" Manaja ya shiga karanto sunaye. Sunan Bulus na cikin waɗanda aka ce su huta sai an neme su. Nawa ba ya ciki, amma na kasa kallon idon Bulus.

Da na dawo na tarar matata Hadiza ta sa wuƙa a wuta tana liƙe bokitinmu da ya tsage. Na buɗe baki zan ce ta sayi sabo, sai na tuna farashin kwanon masara. Na zauna na riƙe mata bokitin har ta gama.