Jan Rini a Ƙarƙashin Farce

Korca, 3 ga Maris, 2008

Yaya Luljeta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya. Ya sanyin Selanik, can ƙasar Girka? Na ba Sotir direban bas wasiƙar nan hannu da hannu, don wayar gidanmu a ɗakin Baba take, kin kuma san kunnensa ya fi idonsa aiki.

Nemi wuri ki zauna. Wata takwas ke nan da aka yi mini baftisma. Tun rasuwar mijina Ilir nake leƙa coci, da farko don in samu inda zan yi kuka ba mai cewa in yi haƙuri. Ranar da na dawo gashina a jiƙe, na tsaya gaban Baba na faɗa masa. Na ce a raina yau kam sai kora. Babanmu Malam Petraq fa! Mutumin da ya shekara ashirin da uku yana tsayawa ƙofar makaranta washegarin Ista yana duba yatsun yara, wanda ya ga jan rinin ƙwan bikin Kiristoci a hannunsa ya kai sunan iyayensa ofishin jam'iyya, zamanin da gwamnati ta haramta addini.

Kwana uku bai ce mini uffan ba. A na huɗu ya ce, "Ke, kawo littafin nan naki in ji ƙaryar da ke ciki." Tun ranar, kullum bayan abincin rana ina karanta masa Linjila, yana gyara mini karatu kamar 'yar aji biyu. Jiya ya aike ni wurin Fada Spiro in tambaya ko ana yi wa tsoho ɗan saba'in da takwas baftisma. An sa Asabar ɗin jajiberin Ista, ni kuma zan riƙe masa kyandir a matsayin mai tsaya masa.

Na san ke ba ruwanki da irin wannan, amma ki zo ko don Baba, kada kuma ki yi mini dariya. Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Anila

Selanik, 12 ga Maris

Anila,

Na amsa gaisuwarki. Ki gaida Baba.

Dariya? Da ma dariyar na yi. Sau biyu na karanta takardarki, miya ta ƙone a kan wuta ina tsaye. Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa a gidanmu ba: shekarata goma sha huɗu da baftisma. Goma sha huɗu, Anila, ba wata takwas ba.

Kowace safiya sunan Baba ne farko a addu'ata. Sau nawa na hau bas ɗin Sotir ina shirya maganar a baki, in na shiga gida na ga ya ɗago gilashinsa ya dube ni, sai in buge da tambayarsa ciwon gwiwa. Duk Alhamis ɗin makon Ista ni nake rina wa tsohuwa Evdokia ƙwai da ɓawon albasa. Kafin in taho gida sai in zauna da lemon tsami da gishiri ina goge yatsuna har su yi zafi, ni da furfura a kaina, kamar 'yar makarantar da za a duba.

Sai ga ki, ke da bakinki ba ya riƙe ko sirrin abin da aka dafa, kin shiga da jiƙaƙƙen gashi kin gama cikin kwana huɗu. Ya kamata in yi murna, na sani. Na durƙusa don in gode wa Ubangiji, abin da ya fito bakina shi ne, "Me ya sa ita?" Kishi nake yi, ba zan ɓoye miki ba. Ni na yi noma, ke kika zo da lauje. Ni ce babba, ni na riga ki sanin hanyar, kyandir ɗin nan nawa ne.

Kada ki gaya masa. In ya ji yanzu zai ce na ga hanya ta yi kyau ne na biyo bayanki. Ba zan zo ba. Ki ce masa jikin tsohuwa ya tashi.

Yayarki,
Luljeta

Korca, 20 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa, don Mama ta koya mana a fara da ita ko da rai a ɓace.

Shekara goma sha huɗu! To sannu da noma. Wace gona ce wannan da ko mai gonar bai san ana nome ta ba? Ranar da aka binne Ilir kin zo da gahawa da baƙin ɗankwali, kika kwana bakwai a gefena. Na riƙe hannunki na ce, "Yaya, yanzu ina yake? Shi ke nan ya zama ƙasa?" Kin tuna amsarki? Kika ce, "Sha ruwa, Anila." Ashe amsar na bakinki kika haɗiye. Shekara biyu na yi ina lalube ni kaɗai, ke kina can kina rera wa 'yar Girka waƙoƙin coci.

Kuma wai ke ce mai kishi. Ni fa? Tun muna yara ke ce ta gaban goshinsa. Ni nake wanke masa ƙafa, ni nake dafa masa wake ba gishiri, amma in na yi tuntuɓe a karatu sai ya ce, "Da Luljeta ce da ta karanta shi tiryan-tiryan." Abu ɗaya tak na samu da ya zama nawa da shi, shi ma kin ce naki ne.

Ban faɗa masa ba, ba kuma zan yi masa ƙaryar tsohuwa ba. Na dai ce ba za ki zo ba. Sai ya ce in miƙo masa takarda da alƙalami. Ga ta nan a ciki, a liƙe ya ba ni.

Ki zauna lafiya, in kin iya.
Anila

Korca, 20 ga Maris

Zuwa ga 'yata Luljeta,

Bayan gaisuwa, ina fatan aikinki na tafiya daidai. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙe, idon ne.

Shekara tara da suka wuce kin zo mana ranar Talata bayan Ista. Kina zuba mini gahawa na ga ja a ƙarƙashin farcen babban yatsanki na hagu. Lemon tsami ba ya kai wa nan. Yara ɗari sun gwada shi kafin ke, har da masu toka da masu kananzir, ba wanda ya wuce ni. Tun daga shekarar nake dubawa, kowace shekara kuma ina gani.

Ban yi magana ba don ina jira ki faɗa da bakinki. In kin buɗe baki sai in gyara zama, sai in ji kin ce, "Baba, ya gwiwa?" Gwiwata ta sha gaisuwa. Na san wanda ya koya miki tsoron nan, kin sha ganina a ƙofar makaranta. Amma ban taɓa zaton zan tsufa 'yata na wanke hannu kafin ta gaishe ni ba.

Akwai abin da ke cina, ina jin kunyar rubuta shi. Wannan tsohuwar ta Selanik, da ban taɓa gani ba, na tsane ta. Kowace shekara tana karɓar jan ƙwai daga hannunki, kina ce mata Almasihu ya tashi, tana amsawa. Ni da na haife ki sai hannu mai warin lemo.

Kyandir na Anila ne. Ita ta yi ƙarfin hali, na kuma yi mata alkawari. Sai dai rabona da jan ƙwai tun daga hannun mahaifiyata. Anila ta ce za ta rina, na ce ta dakata tukuna.

Mahaifinki,
Petraq

Selanik, 29 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Ba zan tambayi gwiwa ba.

Ni Kirista ce, Baba. Na ba da gaskiya ga Yesu Almasihu tun shekara goma sha huɗu, tsoronka ya hana ni faɗa, wannan tsoron kuma ya sa na cuci ƙanwata a ranar da ta fi bukatata. Ka ce wa Anila zan roƙi gafararta ido da ido. Ka kuma ce mata har yanzu ina kishin kyandir ɗin, ta riƙe shi da kyau don zan tsaya a bayanta ina kallo.

Zan rina ƙwai Alhamis ɗin makon Ista, in hau bas ɗin Juma'a da safe. Ba zan sayi lemon tsami ba. Ka goge gilashinka, ka tsaya a bakin ƙofa, ka duba yatsun duka goman.

'Yarka,
Luljeta