Muryar da Kawu Ya Kamo Tsakanin Tasha da Tasha

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aikin asibiti, ya sokar bayin Allah da allura? Mu nan lafiya lau, sai dai Kawu mai gyaran rediyo da ya yi baƙi daga sama.

Kin san fim ɗin nan nasa mai dogon zango, na masu kai kamar tulu da ke yawo a jirgi tsakanin taurari. Tun rasuwar matarsa ya sake ɗauko faifan, in ya ƙare ya koma farko. Rannan yana liƙin waya sai ya ce, "Auta, kai da ka yi allo, anya mu kaɗai ne?" Na gyara zama irin na malamai na ce, "Kawu, Ubangijin talikai muke karantawa, ba a ce na unguwarmu ba." Ya saki baki har ƙarfen liƙin ya ƙona tebur.

To, in ya gama gyara yakan murɗa rediyo zuwa inda babu tasha, ya saurari shuuu ɗin nan, wai a nan ake gane lafiyarta. Ni kuwa na aro 'yar na'urar da direbobi ke haɗa waya da rediyon mota. Na laɓe a shagon tela, na toshe hanci, na yi magana ta wayata, muryar ta fito a rediyonsa, na ce, "Mai gyara, muna jin ka." Yaya! Ya farke rediyon nan har hanji, bai ga komai ba. Ya kunna wata, muryar na nan. Ya rantse tun ba a haife ni ba yake sana'ar nan, ba mai yi masa wasa da rediyo. Ni da tela mun yi dariya har cikina ya ƙulle.

Ki gai da likitoci.
Ƙaninki, Auta.

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarka, ban yi dariya ba. Injiniya, babban ɗan Kawu, ya kira ni yana neman likitan ƙwaƙwalwa. Ya ce mahaifinsa na tare masu kawo gyara yana ba su labarin baƙi. Idan abin ya ci gaba zai rufe shagon, ya ɗauke shi. Shagon nan shi kaɗai ya rage wa Kawu. Ka je ka nuna wa Injiniya na'urar nan kafin ya yanke hukunci. Idan duka kake tsoro, ni zan tsaya maka.

Allah Ya shirye ka.
Yayarka.

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ke za ki tsaya min daga can? Kin manta hannun Injiniya ke nan.

Ya zo ranar Asabar. Kawu ya sa farar riga, ya tara maƙwabta, ya jera rediyo a kan benci, ya murɗa ya ce, "Ku yi magana, ɗana ya zo." Na'urar na aljihuna. Shuuu. Ya ce, "Don Allah, ko kalma ɗaya." Shuuu. Mai shayi ya ce ƙila sun tafi cin abinci, aka fashe da dariya. Kawu ya juyo ya ce, "Auta, gaya musu." Na ce, "Wallahi Kawu, ni ban taɓa jin wani ɗan sama ya yi magana ba." Kin ga ban yi rantsuwar ƙarya ba.

Injiniya ya saka shi a mota da farar rigarsa. Wai za a kwashe duk rediyon gidan, a hana shi fim. Makullin shago kuwa ni ya miƙa wa, ya ce in riƙa buɗewa kada kaya su lalace. Yanzu mai gyara ake kirana, ki riƙa gaishe ni da ladabi.

Naki, Auta.

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa. Ina gidan yayanki Injiniya, ana ba ni magani mai sa barci. Kada ki ga laifin Auta, yaro ne, taro ya tsorata shi. Su ma baƙin ina jin taron ne ya hana su magana.

Ki roƙi Auta ya bar min rediyo ɗaya a kunne a shago, a inda babu tasha. Idan sun kira, ya ce musu ba ƙin amsawa na yi ba.

Kawunki.